Ranar da Na Ƙaryata Teku

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Yaya Sale ya kira ni gidansa a unguwar Gardolé don in tantance masa manemin 'yarsa Hajara. Yaron, Idrisa, ya ce yana aiki a jirgin kamun kifi a arewacin Norway, can ƙarshen wannan dogon yankin da teku ya kewaye ta gefe uku. Yaya bai yarda ba. Ya ce idan na kama shi da ƙarya ko ɗaya, maganar aure ta mutu.

Ni kuwa shekara ashirin ina koyarwa a firamare, da taswirar duniya a bangon ajina (ban taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Chari faɗi ba, amma wannan bai hana ni gyara zama ba). Watan Janairu ne, bayan azahar. Na tambayi Idrisa yadda ƙasar take, ya ce duwatsu ne ke tasowa daga cikin ruwa kai tsaye, teku kuma yana kutsawa tsakaninsu har cikin ƙasa. Na gyaɗa kai. Sai na ɗana tarkona, na tambaye shi me suke yi idan teku ya daskare.

Ya ce, “Baba, ai nasu ba ya daskarewa. Akwai ruwa mai ɗumi da ke zuwa daga kudu.”

Na yi dariya har da tafa hannu. Na juya na ce wa Yaya, “Kalas, an gama. Wurin da ke saman taswira? Ƙanƙara ce zalla. Wannan yaron ko Kousseri da ke tsallaken kogin nan bai wuce ba.” Na ji Hajara ta saki kuka a bayan labule.

Idrisa bai yi musu ba. Ya nemi izini, ya kira abokin aikinsa ta bidiyo, ya miƙo mini wayar da hannu biyu.

Na karɓa na duba. Agogonsu ɗaya da namu, amma can sama ta yi shuɗi kamar bayan magariba. Ga fararen duwatsu sun miƙe har wayar ta kasa ɗaukar kansu, ga baƙin ruwa yana motsi a gindinsu, jirgi na ratsa shi hankali kwance. Na manta da Yaya, na manta da kunya, ina ta roƙon baƙon mutum ya ƙara juya wayar. Sai da Idrisa ya ce caji ya kusa ƙarewa na lura hawaye nake yi.

Yaya ya dube ni, ya kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a garinmu, ya ce, “Metir, wa za mu tantance yanzu?”

An ɗaura auren bayan sallah. Ni dai tun daga ranar, idan ɗalibi ya tambaye ni abin da ke saman taswira, sai in ce ya bari in tambayi surukina.