Laimata da Ta Ɓace a Jirgin Ƙasa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi wa Baturiya Turanci a tsakar gidan Malama Rahila. Ko na so in manta ma, matan unguwarmu ba za su bar ni ba. Shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori ne, lokacin da manyan motoci suka cika hanyar Mafara zuwa Maradun, kowane namiji ya samo takalmin roba yana taku kamar shi ya haƙa kogin. Maigidana yana tuƙa tifa a kamfanin. Ni kuwa ina gida, inda na fi so, ina tuƙa tuwo ina zuba da duk wadda ta leƙo.

Bokona bai wuce aji biyu ba a Bakura. Amma Allah ya ba ni kunne. In na ji abu sau biyu, ya zauna ke nan. Ina iya kwaikwayon mai tallan gishiri daga cikin ɗakina har maƙwabta su fito da kwano. (Na sha yi, kuma na sha zagi.)

Ita Malama Rahila Kirista ce, mijinta ma'aikacin gona ne na gwamnati da aka kawo Mafara. Ta buɗe wa matan aure ajin Turanci a gidanta, bayan la'asar, kyauta. Ranar farko na ɗaura zanina na biki, na sayi fensir sabo, na tafi ina tsammanin allo da alli da littafi mai hoto. Me zan tarar? Tabarma, a kanta albasa, tumatur, ludayi da bokiti. Ta yi mana Hausa sau ɗaya tak, ta ce daga nan har a tashi babu Hausa. Sai ta faɗi wani abu ta miƙe, ta nuna mu miƙe. Ta faɗi wani ta zauna, muka zauna. Ta ɗauki albasa ta kira sunanta ta miƙo mini, wai in kira sunan in miƙa wa ta kusa da ni. Mata da 'ya'yansu, wasu da jikoki, ana tashi ana zama kamar masu ciwon basir.

Da aka tashi na ce, "Malama, yaushe za a fara karatun?"

Ta ce, "'Yar uwa, ai shi muke yi tun ɗazu. Ke da kika koyi Hausa littafi aka ba ki? Gani kika yi, kika ji, kika taɓa."

Na ce, "To ni na wuce goyo. Albasa kuwa na baro kwando guda a gidana."

Kwana uku na yi na daina zuwa. Kuma ban yi shiru ba. Duk gidan suna da na shiga sai na yi musu makarantar tashi-zauna, da muryar Malama da tafiyarta, ana dariya har da riƙe ciki. Wadda na fi yi wa ita ce Lami maƙwabciyata, 'yar Ruwan Gizo mai ƙuli-ƙuli. Harshenta nauyi gare shi, ko Hausar ma sai ta yi sawu biyu kafin ta kai ƙarshen magana. Ita ba ta fasa zuwa ba. Nakan tare ta a ƙofa in ce, "Lami, yau an kai ku kan kubewa, ko har yanzu kuna albasa?" Sai ta ce, "Yaya, muna dai yi," ta wuce.

Ana nan maigidana ya shigo da wani kaset na koyon Turanci da mai kula da sito ya ara masa. Ya saurara kwana biyu ya ce kansa na ciwo. Ni na ɗauka. Namiji ya yi magana da babbar murya, mace ta amsa da siririya, sai ƙararrawa ta ce ting, sai a yi shiru don mai koyo ya maimaita. Na ce yauwa, wannan shi ne karatu! Malami ya biya, ɗalibi ya maimaita, ba wanda ya miƙa wa wani kayan miya. Ina daka ina ji, ina wanki ina ji, batir ya mutu in shanya shi a rana in mayar. Kafin damina ta fita na haddace gefe guda kaf, da namijin da macen da ƙararrawar, har tsawon shirun na san shi kamar bugun zuciyata. Ma'anarsa fa? Ban tambayi kowa ba. (A ganina tambaya ta marasa kai ce, irin su Lami.)

In na zuba shi a gidan biki, mata sai su yi tsit. Inna, uwar mijina, takan gyaɗa kai ta ce, "Wagga ɗiya ta hi rediyo."

To ga abin da ya kawo Baturiyar cikin zancen. Kamfani ya haƙa kanal, wato wani ƙaton lambatu da aka shafe da siminti, ya bi ta bayan unguwarmu, ya raba mu da gonaki da injin niƙa. Wurin da a da taku kaɗan ne, yanzu sai ka zaga can inda motoci ke hayewa. Inna tana kai abinci gona da gwiwa mai ciwo, takan dawo tana jan ƙafa. Tunkiyar maƙwabta ta faɗa, simintin santsi, ba ta fito ba. Kowace uwa ta san ranar da aka sako ruwa sosai, abin da ya sami tunkiya zai iya samun ɗanta. Gada muke so, ko ta mutum ɗaya ce. Maza sun je ofis sau biyu da tafinta, suka dawo da "za a duba", suna ta baza riga kamar sun ciwo yaƙi.

Sai labari ya zo cewa matar injiniyan da ke kula da kanal ɗin za ta zo ganin ajin Malama. Mata suka taru suka ce, in matar ta ji, mijin ya ji. Wa zai yi magana? Ido duk ya dawo kaina. Ni kuwa na gyara ɗaurin kallabi.

Har gida Malama ta same ni. Ta gaishe da Inna, ta tambayi gwiwa, ta tambayi yara, sannan ta ce, "'Yar uwa, faɗa mini da Hausa abin da za ki ce, mu shirya shi tare. Kalma biyar ma ta isa."

Na ce, "Malama, ki ji da albasarki."

Za ku ce to me nake tunani? Wallahi ga shi, ba ƙari. Na ɗauka kaset mai tsawo haka, mutum biyu suna magana kusan rabin sa'a, a ce duk cikinsa babu gada? Ai dole tana wani wuri. In na zuba duka, Baturiya ta tsinci abin da ya shafe ta.

Ranar, tsakar gidan Malama ba masaka tsinke. Baturiyar siririya ce, rana ta mai da ita ja kamar tattasai, aka ba ta kujera 'yar tsuguno gwiwoyinta suka kusa taɓa haɓarta. 'Yan aji suka yi mata tashi-zaunansu, ta tafa. Sai Inna ta zungure ni. Na miƙe, na yi gyaran murya, na buɗe da muryar namijin, mai kauri, daga can cikin ƙirji. Baturiya ta zabura. Na juya na amsa wa kaina da muryar macen. Na ce, "Ting!" Na yi shiru.

Baiwar Allah ta ɗauka shirun nan nata ne. Ta yi murmushi, ta fara magana a hankali tana haɗawa da hannu. Ni kuwa ina ƙirga shirun a raina, yana cika na take maganarta da muryar namiji. Ta rufe baki. Na kai ƙarshe, ting, shiru. Ta sake buɗe baki, na sake take ta. Sau uku muka yi haka. Bayana ina jin mata suna "Ikon Allah!" Na hango Malama ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa, na ce a raina hassada har ta sa ta kuka.

A ta huɗun, Baturiya ta dafa ƙirji, fuskarta ta cika da tausayi. Ta sunkuya ta ɗauko laimarta da ke jingine da kujera, ta taso ta danƙa mini a hannu, ta bubbuga kafaɗata. Ta dubi agogo, ta ɗaga wa mata hannu, ta nufi zaure.

Ina tsaye riƙe da laima.

Inna ta ce, "Mi ta ce? Gadar fa?"

Na ce, "Inna, ai... tana tahe."

"Laima munka aike ki?" Ta juya wajen Malama. "Ke Malama, don girman Allah, hwaɗa muna abin da ɗiyag ga ta ce."

Malama ta so ta rufa mini asiri, ta ce a bari sai anjima. Inna ta ce yanzu. Sai Malama ta share hawaye ta ce, "Ta ce laimarta ta ɓace a jirgin ƙasa. Ta nemi tikiti biyu. Ta kuma ce shayin da aka ba ta ya huce."

Ni da ko Ƙaura mai tashar jirgi ban taɓa zuwa ba, balle in ga jirgi.

Ba wadda ta yi dariya a lokacin, kuma wannan ya fi dariyar ciwo, don Baturiya ta kusa fita da gadarmu. Sai na ga Lami ta tashi da gudu, ta sha gabanta a bakin zaure, ta kama tsintsiyar hannunta. Kalma huɗu ta yi mata da Turanci, ina ji, kuma ko ɗaya ban gane ba sai daga baya: zo, duba, ruwa, yara. Ta ja ta, muka yafa gyale muka bi su har bakin kanal. Lami ta nuna gwiwar Inna, ta nuna gonaki a tsallake. Ta ɗauki dutse ta jefa, ya gangara kan simintin ya nutse, ta nuna goyon da ke bayanta. Sannan ta jera duwatsu biyu a ƙasa, ta ɗora karan dawa a kansu, ta bi ta kai da yatsu biyu suna tafiya. Baturiya ta daɗe tana kallon ruwan. Ta gyaɗa kai, ta ɗauki karan ta tafi da shi.

Ashe 'yar Italiya ce, Turancin nata ma bai fi na Lami da yawa ba. Duk ruwan da na yi mata, laima kawai ta tsinta.

Ba a yi wata biyu ba aka zo da rodi da siminti aka yi 'yar gada, da ƙarfen dafawa gefe guda. Har yau sunanta Gadar Lami. Ni ma na samu suna. In na shiga gidan suna na yi sallama, kafin a amsa sai wata ta ce "Ting!" daga cikin ɗaki, sauran su yi shiru suna jira. Maigidana ya mayar da kaset ɗin washegarin zuwan Baturiya, sai da ya kai ƙofa ya juyo ya tambaya ko a sayo mini tikitin ne ko na fasa tafiyar.

Sati na zagayowa na koma ajin, ba zanin biki, ba fensir. Na zauna can ƙarshen tabarma. Malama ba ta ɗaga zancen ba. Albasa kawai ta miƙo mini, na karɓa hannu biyu, na kira sunanta. Na faɗe shi ba daidai ba, Lami ta gyara mini.

Tun daga ranar, in magana za ta fita bakina, ko da Hausa ce, nakan tsaya in tambayi kaina ko na san abin da nake roƙo, kada a sake ba ni. Laimar dai tana nan, mai kyau ce, ba ta taɓa yoyo ba. Da ita nake haye Gadar Lami in ana ruwa.