Jar Fitila da Jitar Agali

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na lalata kiɗan Agali, ina murmushi ina gyaɗa kai kamar wanda ya san abin da yake yi.

Sana'ata haɗa lasifika ce. A Babura da ƙauyukanta, in ana biki ko suna ko wa'azi ni ake nema, kuma doka ɗaya na sani: a ƙure, har mai noma a bayan gari ya ji. Da furfura ta fara fito mini sai na shiga ajin yaƙi da jahilci, don na gaji da miƙa wa mutane wayata su karanta mini saƙo. Malaminmu, Malam Bitrus, mutumin Filato ne mai haƙuri. Shi ya tsara mana waƙar da za mu rera ranar yaye mu, ya ce za ta fi armashi in akwai kiɗa a ƙarƙashinta.

Sai Allah ya kawo Agali, wani Buzu makaɗin jita mai lantarki, abokin Alhaji Sale ɗan ajinmu mai sayar da hatsi. Ya zo cin kasuwa daga Nijar, zai koma a motar yamma, ya yarda ya kaɗa mana kafin ya tafi. Malam Bitrus ya aro kwamfuta daga cocinsu, da wani ɗan akwati da ake soka wayar jita a jikinsa, sautin ya shiga kwamfuta kai tsaye ba tare da lasifika ba, a naɗe shi. A ranar kuma aka kira shi ofis a Kazaure. Wa zai bar wa aikin in ba ni ba?

Kafin ya tafi ya nuna mini abin murɗawa guda biyu da wata 'yar fitila a jikin akwatin, yana ta bayani a kan kore da ja. Na katse shi na ce, "Malam, a kan baƙi da wasali kai ne gaba, amma sauti ka bar mini." (Har yau in na tuna wannan magana sai in ji kamar in shige ƙarƙashin benci.)

Agali ya gyara rawaninsa ya fara kaɗawa. Na sa hedfon, abin sauraren nan na kunne, ban ji komai ba sai ɗan ƙis-ƙis. (Kunnena ya daɗe yana shan lasifika, maiɗakina ce shaida.) Na kama abin murɗawar da hannuna ya fara taɓawa na ƙara. Sauti ya ɗan taso. Na ƙara, fitila ta bar kore ta koma ja. To ni a sanina jar fitila tana nufin wuta ta shigo, haka take a rediyo, haka take a caja. Da na ga tana ƙyaftawa daidai da kiɗan, na ce a raina har na'ura ta fara rawa, na ƙure shi gaba ɗaya. A fuskar kwamfuta zanen sautin ya cika fal, sama da ƙasa a daidaice kamar an yi masa aski. Mu da ake koya wa kada rubutu ya fita layi, wannan ya burge ni ƙwarai.

"Maigida, yana shiga?" in ji Agali.

Na ce masa yana shiga sosai. Ya gama, muka yi sallama, ya hau mota.

Washegari aji ya cika, har da maƙwabtan da Alhaji Sale ya gayyato. Na haɗa babbar lasifikata na kunna. Abin da ya fito kamar ana jan kwanon rufi a kan tsakuwa. Na rage ƙara, ya zama ana jan kwanon a hankali. Na canza waya, na hura ramin akwatin, na ɗora laifi a kan lasifika, har na ce wataƙila haka kiɗan Buzaye yake. Alhaji Sale ya ce ai da kunnensa ya ji jiya, ba haka yake ba.

Malam Bitrus ya daɗe yana duban zanen nan nawa mai kyau, sannan ya tambaye ni launin fitilar.

"Ja zur, Malam, har ƙarshe," na faɗa da alfahari.

Ya zauna. Ya ce abin murɗawa ɗaya na ƙofar shigar sauti ne, ɗayan na kunnena, ni kuwa na ƙofar na ƙure. Da na sa Agali ya buga da iyakar ƙarfinsa, in rage har jan ya daina fitowa, in bar ɗan sarari, da shi ke nan. Ban gane ba sai da ya ce in ɗauka akwatin tiyar awon hatsi ce: in ta cika ana ci gaba da zubawa, abin da ya haura zubewa yake yi. Na tambaya ko za a iya kwashe wanda ya zube a mayar. Ya ce ba a kwamfuta ya zube ba, bai ma shigo ba. Agali kuwa ya riga ya nausa arewa, inda waya ba ta kamawa.

Ranar yaye mu, da tafin hannu muka raka waƙar. Kiɗan bai tafi a banza ba dai. Alhaji Sale ya sa an tura masa a waya, yana kunnawa a gonar geronsa, ya ce tsuntsu ko ɗaya ba ya sauka, kuma duk inda muka haɗu sai ya yi mini godiya a gaban mutane.

Yanzu in na ga jar fitila hannuna baya yake yi. In kuma ban ji abu da kyau ba, nakan fara tuhumar kunnena kafin in ƙure wa jama'a.