Yadda Za Ka Cinye Ragowar Abincin Gida da Sunan Ceton Duniya

Wannan jagora na mutumin da ke zaune a gidan wani ne, ana zuba masa faranti ɗaya, farantin ba ya isarsa, kunya kuma ta hana shi neman ƙari. Idan kai ne, kwantar da hankalinka. Duk wanda ya bi matakan nan a jere, bai tsallake ko ɗaya ba, ina tabbatar masa cikinsa zai cika, kicin ɗin gidan zai daina cutar da muhalli, kuma ba wanda zai kira shi acici. Zan riƙa kafa misali da wani bawan Allah da ake kira Auta, wanda ke zaune wajen yayarsa, malamar makaranta, da mijinta mai gyaran agogo, kafin Allah ya kawo masa aiki.

Mataki na ɗaya: Sauya wa abin suna

Mai buɗe firij ya ɗauki abin da ba a ba shi ba, kwaɗayi ke damunsa. Mai buɗe firij ya hana abinci tafiya bola, ɗan gwagwarmaya ne. Hannu ɗaya ne, cokali ɗaya, bambancin a fuska yake. Saboda haka ka fara da fuskar. Ka tsaya gaban kwandon shara, ka leƙa ciki, ka yi ajiyar zuciya mai tsawo. Auta ya yi haka wata safiya har Yaya ta juyo daga bakin murhu.

"Auta, lafiya? Wani aka yi wa rasuwa?"

"Duniya ce, Yaya. A kwandon nan muke binne ta."

Ta dube shi, ta dubi kwandon, ta ce tunda abin ya dame shi ya fita da shi. Ya fita da shi. Kada irin wannan ya karya maka gwiwa, kowace gwagwarmaya da nata shahidan.

Mataki na biyu: Kori leda, shigo da gilashi

Ka wanke tsofaffin kwalaben gilashi masu faɗin baki, ka roƙa a riƙa ajiye ragowar abinci a cikinsu. Ka ce leda ba ta ruɓewa, tana toshe magudanar ruwa, wanda gaskiya ne. Abin da ba za ka faɗa ba shi ne baƙar leda maƙaryaciya ce: ka kwance ta da fatan nama, ka tarar da citta. Gilashi ba ya ɓoye sirri.

Daga nan ka bayyana cewa yawan buɗe firij yana cin wuta, don haka ya fi dacewa a ɗora wa mutum ɗaya wannan nauyi. Kada ka ambaci sunanka. Ka dai tsaya kusa da firij ɗin kana kallon ƙasa, kamar wanda ake shirin yi wa dole.

Mataki na uku: Koyi yanke wa abinci hukunci

Da hantsi, bayan masu aiki sun fita, ka buɗe murfi, ka shinshina, ka girgiza kai, ka ce a fili, "Wannan ba za ta kai gobe ba." Ka faɗa ko da ba kowa, domin lamiri ma yana son shaida. Sannan ka ɗumama ta a wuta kaɗan, murfi a rufe, don tattalin gas.

Masana sun yi ittifaƙi cewa taliyar da ta kwana ta fi kowace halitta kusa da ajali. Ban san sunayen masanan ba, amma ban taɓa jin wanda ya musa ba.

Mataki na huɗu: Ka san abin da ba a ceto

A nan nake roƙonka ka nutsu. Mijin Yaya yana da ɗabi'a guda: idan aka ba shi cinyar kaza, ba ya ci a zaman farko. Yakan ajiye ta ya tafi shago, ya wuni yana tunaninta. Mutumin da sana'arsa lura da ƙusar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, ba zai manta da cinya ba. Auta ya san haka. Amma gilashi, kamar yadda na ce, ba ya ɓoye sirri, cinyar kuwa ta wuni tana kallonsa.

Da yamma maigidan ya buɗe firij, ya ɗago kwalba wayam, ya ɗaga ta sama yana dubawa kamar agogon da ya tsaya.

"Ƙanina, zo mana. Ina baƙuwar da na bari a nan?"

"Yallaɓai, ta fara sauya kamanni. Na ji tsoron kada ta ƙare a bola."

"Ikon Allah. Sai ka yi mata sutura."

"Wajibi ne a kan wanda ya gani."

"Ƙashin fa? Ko shi ma ɗumamar yanayi ta narkar da shi?"

Idan ka sami kanka a wannan matsayi, shiru ya fi. Auta bai yi shiru ba. Tsoro ya buɗe masa baki, ya shiga bayani kan ruwan da ake kashewa kafin a noma shinkafa, da gas ɗin da ke ƙonewa a banza, da zunubin dafa abin da ya wuce buƙata. Ya yi magana har da ƙwalla. Yaya tana bakin ƙofa, hannu a ƙugu, tana saurare.

"Wallahi Auta ka yi gaskiya," ta ce. "Daga gobe an daina."

Mataki na biyar: Kada ka yi nasara fiye da kima

Washegari Yaya ta samo ɗan kofi ta auna shinkafar mutum uku, ta shafe saman kofin da yatsa. Aka ci, tukunya ta tashi fes, ko ƙanzo babu. Mijinta ya cinye namansa a kan tebur, a hankali, yana kallon Auta, yana cewa shi ma ya shiga ƙungiya. Firij ya zama fili, sai ruwa da rabin lemon tsami. Kwandon shara ya rame. Auta ma haka.

Ragowar da ta rage a gidan ita ce ɓawon dankali da na albasa, su kuma Yaya ta ware musu bokiti a bayan kicin don yin taki, ta naɗa Auta shugabansa. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Mataki na shida: Abin da ake yi idan komai ya yi daidai

Auta ya jure iya jurewa, yana tsaye da hantsi gaban kwalabe masu sheƙi, ba abin da zai yanke wa hukunci. Ranar da ya ga kansa yana yi wa rabin lemon tsamin nan kallon tausayi, ya san an zo ƙarshe. Da aka zauna cin abinci ya share farantinsa, ya daɗe yana juya cokali, sannan ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa:

"Yaya, da za a ɗan ƙara mini."

Ta ajiye ludayi.

"Sai yau? Kai a tunaninka ban iya awo ba ne, kullum nake dafa na mutum huɗu? Na san ba ka ƙoshi, na san kuma ko za ka mutu ba za ka roƙa ba. Ragowar nan don wa kake zaton nake barinta? Sai ka zo ka yi mini wa'azi a kanta."

Auta ya sunkuyar da kai.

"A rubuta wannan a tarihi," in ji mijinta. "Shinkafar taka ce tun asali. Cinyar ce tawa."

Tun daga ranar ake ƙara kofi ɗaya, ana zuba masa a gaban kowa. Bokitin taki dai yana nan a hannunsa, an kuma haɗa masa da wanke kwalaben, tunda shi ya kawo su.

Sanarwar kare kai

Na yi alkawarin ciki zai cika, kicin zai gyaru, kuma duka biyun sun tabbata, don haka ba ni da sauran haƙƙin kowa. Rama, ƙudajen bokiti, da sunan Mai Sutura da mijin Yaya ke kiran Auta da shi har gaban baƙi, duk ba sa wuyana. Wanda ya fara daga mataki na shida ya huta da sauran biyar ɗin, amma wannan ba da shawarata ya yi ba.