Rasuwar Baridi, Firjin Jirgin Nyevu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin cikin zafi, Nyevu Charo ta mashigin Kilifi tana sanar da dangi da maƙwabtan kan ruwa rasuwar firjinta, Baridi, wanda rai ya yi wa halinsa ranar Asabar da azahar, yana da shekara tara. Bai yi jinya ba. Kashe shi aka yi.

Marigayin ba sayen kanti ba ne. Sa'ad da Nyevu da mijinta Karisa suka bar gidan haya suka tare cikin jirginsu mai tafiya da iska, likita ya gargaɗe su cewa allurar ciwon sugan Karisa ba ta jure zafi. Nyevu kuwa ta shekara ashirin tana gyaran ɗakin sanyi a kamfanin kifi. Ta ƙi firji mai ƙofa a gaba, ta ce duk buɗewa sanyinsa tsiyayewa yake yi. Da hannunta ta yanka katako, ta lulluɓe shi da soso mai kaurin taƙi guda, ta yi masa murfi daga sama. Injinsa kuma a kan cinyarta ta rungumo shi cikin motar haya tun daga Mombasa.

An shaidi marigayin da wadatar zuci. Wutar sola biyu ta ishe shi. Maganarsa ba ta wuce “zrrr” in ya tashi aiki, da “ƙyat” in ya gama. Ranar da guguwa ta kwantar da jirgin a hanyar Pemba, tukwane suka yi ta tsalle, shi ko madarar kwakwa bai zubar ba.

Ajalinsa ya zo ne cikin kwalekwale, sanye da baƙin tabarau. Kahindi ke nan, ƙanin Karisa, wanda ya kawo ziyarar da ba a gayyace shi ba. Nyevu na sama tana ɗinke tsagar zanen iska, shi kuwa ya so ƙanƙara a lemonsa, sai ya zari wuƙar fawar kifi ya hau saran farantin da ke yin ƙanƙara a cikin firjin. A sara na uku marigayin ya yi kalmarsa ta ƙarshe: “fsssss.”

Da Nyevu ta sauko, Kahindi ya ɗaga mata kofi ya ce, “Matar yaya, firjin nan naki tusa yake yi.”

Karisa ya ce, “Yi haƙuri, Nyevu, jinina ne.”

Ta ce, “Jininka na nan cikin kwalaben can, suna ɗumama. Wannan dai ƙaninka ne kawai.”

Marigayin ya rasu ya bar kwalaben allura huɗu, waɗanda aka garzaya da su tudu naɗe cikin jiƙaƙƙen tawul. Da batir biyu da suka rasa wanda za su ciyar. Da wani ƙaton kifi da ya bi bayansa kafin Litinin.

Za a sauke gawar daga jirgin ranar Laraba da ƙarfe sha biyu, lokacin da ruwa ya janye, taɓo ya kai gwiwa. Kahindi ne zai ɗauke ta a ka, shi kaɗai, da kifin a ciki. Ana roƙon jama'a kada kowa ya kama masa.

Zaman makoki a gidan Kahindi da ke Mnarani. Nyevu da Karisa za su sauka a ɗakin maigidan, mai fanka. Shi Kahindi an shimfiɗa masa tabarma a baranda. Firjin gidan ya koma na allura, kuma mabuɗin kwaɗonsa na wuyan Nyevu. Ba za a tashi daga makokin ba sai sabon faranti ya iso daga Durban. An ce tafiyar wata uku ce daga ranar da aka aika a kawo. Nyevu ba ta aika ba tukuna.