Rasuwar Talabijin ɗin Shagon Aski

Da zuciya mai nauyi, da idanun da suka rasa inda za su sauka in yamma ta yi, Baba mai aski da iyalansa suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta da duk wanda ya taɓa miƙa kansa a shagon, rasuwar tsohuwar talabijin ɗinsa, wadda ta cika ranar Talatar da ta wuce ana tsakiyar labarai. A bakin aiki ta rasu, a kan kantar da take zaune tun kafin a aurar da babbar 'yar gidan.

Marigayiya ƙatuwa ce mai tudun ƙeya, sai mutum biyu suke iya ɗaga ta. Ta yi rayuwa mai kamun kai, domin Baba bai taɓa barin ta ta shiga harkar ƙwallo ko raye-raye ba. Labarai kawai ta sani. Da zarar ta saki kiɗan nan nata, "tan-tan-taran," Baba zai kashe injin aski ko da rabin kai ya aske. Manyan mutane sun zauna da rabin gashi, zane ɗaure a wuya, suna kallon duniya ta cikin madubi, kuma babu wanda ya taɓa kai ƙara.

A wurinta Baba ya koyi tantance 'yan jarida, amma da idon sana'arsa. In wakili ya fito da aski sabo fil, an gyara masa gefe da reza, Baba sai ya taɓe baki, ya ce wannan a ofis ya kwana, takardar da aka miƙo masa yake karantawa. In kuwa ya fito gashi ya cika, saje ya haɗe da gemu, to wannan ya je wurin da kansa, a yi shiru a saurara. Hedimasta, tsohon malamin makaranta da ke zama a bencin shagon, ya shekara da shekaru yana cewa wannan ba ilimi ba ne. Kofur, ɗan sandan da ya yi ritaya, wanda ke zama a ɗaya gefen, kullum yana bayan Baba, ba don ya gamsu ba, sai don ya ga Hedimasta ya tashi tsaye yana nuna yatsa.

Cikin ayyukan alherinta ba za a manta da shekarar da jita-jita ta cika wayoyin mutane cewa za a rushe kasuwa ba. Har wasu sun fara kwashe kaya, Baba ya ce kowa ya dakata sai ta faɗa da bakinta. Da yamma ta nuno wani wakili mai gashi kamar ciyawar damina yana tsaye a bakin kasuwar, ya bayyana cewa katangar baya ce kawai za a gyara. Ita ce kuma ta nuna kwatar layin shagon da ta shekara a toshe, har kafaɗar Baba ta fito a gefen hoto, kuma ba a yi mako ba sai ga ma'aikata da shebur.

Ba a ce ba ta da rauni ba. Tana da son manya. In wani babba zai yanka kirtani a gaban sabon gini, sai ta tsaya a kansa har shayi ya huce, ta manta da tambayar ko akwai ruwa a famfon ginin. A nan ne yayyenta, tulin mujallun da ke ƙarƙashin benci, suke rufa mata asiri. Ita takan faɗi abin da ya faru, su kuma su zo daga baya a tsanake su faɗi wanda ya jawo shi, da hotuna da sunaye. Yawancinsu sun riga ta tafiya, sun daina fitowa, amma tsofaffin suna nan, gefensu duk ya naɗe don yawan yatsu.

Jinya ta yi tsawo. Da farko fuskokin mutane suka koma kore, sannan mai karanta labarai ya fara miƙewa sama kamar ana jan sa. An yi mata maganin da aka saba, wato mari biyu a gefen dama, takan farfaɗo. Ranar Talata kuwa, mai karatu ya ce, "Wata majiya mai tushe ta shaida mana cewa," sai marigayiya ta yi "ƙiiit," hoton ya dunƙule ya zama ɗigo ɗaya fari, ya ɓace. Har yau ba a san abin da majiyar ta shaida ba. Mai gyara ya buɗe ƙeyarta, ya shinshina, ya mayar da murfin a hankali ya ce a yi haƙuri.

Ta bar rimot guda da aka ɗaure da roba, da eriya mai ƙafa ɗaya a kan rufi, da tsofaffi biyu a benci. Su ne abin da ya fi damun Baba, don Hedimasta da Kofur duk sanƙo gare su, ƙwal, ko gashi ɗaya babu wanda zai kawo su shagon aski. Tun ranar Talata bencin yake wayam. Babbar 'yarsa ta kafa masa sabuwa, siririya, a bangon falon gida, ta ce ya riƙa rufe shago da wuri ya huta. Ya gwada. Wakili ya fito da sabon aski, Baba ya taɓe baki ya juya gefe don ya yi magana, sai ya ga kujera babu kowa a kai. Ya ji kewa sosai, ya kashe ta tun kafin a kai labarin yanayi.

Game da shirye-shirye, za a ɗauki gawar gobe da hantsi a cikin baro zuwa shagon mai gyara, wanda ya nemi a ba shi wasu sassanta don ceton wasu marasa lafiya. Ba a buƙatar rakiya mai yawa, hanyar ƙunci gare ta.

Zaman karɓar gaisuwa kuwa a shagon za a yi, kullum daidai lokacin labarai. Hedimasta ya karɓi aikin karanta sharhi, an kuma yi wa Kofur izini ya zo da wayarsa, da sharaɗin duk abin da ya karanto sai an yi musu a kansa. Da 'yar ta zo rubuta wannan sanarwa ta tambayi Baba ranar da za a tashi daga zaman, ya daɗe yana goge almakashi kafin ya amsa.

"Bar wurin haka nan, 'yata. In na sa rana, washegari me zai kawo su?"

Saboda haka ba a sa rana ba. An share benci, kuma ana roƙon masu zuwa su zo da wuri.