Ranar da Na Ba Gwamnati Haƙuri

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na ba gwamnati haƙuri ba, a tsaye, da Larabci mai cikakken wasali, a kan laifin da ba mu yi ba. Ko na so in manta ma babu hali, don an rubuta, an karanta mini, na kuma sa hannu a ƙasa.

Ni malamin makaranta ne a da, can Sudan inda aka haife ni. Na koyar da Larabci da tarihi kafin abinci ya kira ni Jidda. Yanzu ina aikin rubuce-rubuce a ƙaramin kamfanin Kawu Bashir, kawun matata, a saman wani tsohon gini a unguwar Bagdadiyya. Sana'ar kamfanin gyaran mukayyif, na'urar sanyin nan da in ta tsaya a garin nan komai ya tsaya. Amma ba da wannan aka san ni ba. Abin da aka san ni da shi ban haƙuri ne. A unguwar Ammariyya, in mai gida ya rantse sai ɗan haya ya fita, ko kafili, wato ubangidan da ya tsaya wa baƙo a ƙasar, ya yi fushi da direbansa, ko 'yan'uwa sun daina gaisawa, ni ake zuwa ɗauka a mota. Dabarata ɗaya ce tak. Ka shiga, ka yi ƙasa da kai, ka kwashe laifin duka ka ɗora wa ɓangarenka, har wanda ba a yi ba. Ɗan halak ba ya iya zama yana jin haka. Kunya za ta kama shi, ya ce, "A'a Malam, ai mu ma da namu." Daga nan sai a kawo shayi. Ba ni na ƙirƙiro ta ba, haka na ga iyayenmu suna yi, amma zan iya cewa a hannuna ta yi sheƙi (kuma ba ni kaɗai nake faɗin haka ba, ko da yake ni na fi yawan faɗa).

To, kamfanin Kawu ya samu kwangila daga wata hukumar gwamnati: a gyara mukayyif na wasu makarantu can wajen unguwar Kurayyat, a gama kafin a dawo daga hutu. Ma'aikatanmu suka je suka tarar da ƙofofi a kulle. Ashe an ba wani kamfani aikin fenti a makarantun, makullai kuma suna hannunsa. Ni da kaina na raka su na tsaya cikin rana ina bugun ƙofar ƙarfe har tafin hannuna ya yi ja. Sai da hutu ya kusa ƙarewa aka buɗe mana. Yara suka koma aji cikin zafi, iyaye suka tayar da ƙorafi, hukuma ta waiwaya neman wanda za ta nuna da yatsa, ta same mu a kusa. Aka karɓe aikin, aka kuma yanke cewa a hana kamfanin shiga kowace kwangilar gwamnati. Kamfanin da ba shi da wani abokin ciniki sai gwamnati, wannan ba horo ba ne, rufewa ce. Iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta duk wanda ke aiki a wurin kuma a kansa take rataye, har da tawa.

Kawu yana da 'ya lauya, Samira. Haifaffiyar Jidda ce, tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar maka rabi da Larabci zai fito. Ni na koya mata baƙi da wasali tana ƙarama, abin da na ɗauka ya ba ni damar yi mata gyara har abada. Ita ta ɗaukaka ƙara zuwa lajna, wato kwamitin da ke sake duba irin wannan hukunci tsakanin hukumomi da 'yan kwangila. Ta sa ni a shaida, tunda ni na ga ƙofa a kulle.

Da jin haka na nemo ƙa'idojin zaman lajna na karance su daga farko har ƙarshe, da jan biro a hannu. Ranar Juma'a, ana cin abinci a gidan Kawu, na yi wa iyali darasi ba tare da kowa ya nema ba. Na bayyana musu cewa ɗaukaka ƙara yana da wa'adi, in ya wuce ya wuce. Cewa ba a kawo sabuwar da'awa wadda ba a kawo a zaman farko ba. Cewa duk kalmar da ta fita daga bakin mutum a ɗakin ana shigar da ita a mahdar, takardar zaman, a karanta masa ya sa hannu. Da Kawu ya ce shi fa yana ganin ya kamata a nemi gidan shugaban lajna a je a gaishe shi da ɗan turare, na yi murmushin da nake yi wa ɗalibin da ya ce Nilu daga Masar ya taso. Na ce masa, Kawu, wannan wuri ne na ƙa'ida, ba zauren unguwa ba ne, al'adunmu a bakin ƙofa za mu ajiye su. (Ku riƙe wannan. Ni na faɗa, da bakina, da shinkafa a hannu.)

A mota ranar zaman, Samira ta juyo ta ce, "Malam, Allah yihallik, abin da aka tambaye ka kawai, bas. Ƙofa a kulle, ka buga, ba a buɗe ba. Halas."

Na ce mata, 'yata, ni na koya miki riƙe alƙalami.

Ɗakin zaman ƙarami ne, da sanyi kamar cikin tulu (na lura mukayyif ɗinsu lafiya lau yake, ko wa ya gyara). Mutum uku a kan dogon tebur, shugaba a tsakiya, dattijo mai farin gemu da tabarau a kan hanci. A gefe magatakarda da na'urarsa. A ɗaya ɓangaren wakilin hukuma, wani saurayi da gutura, ƙyallen kan nan na Larabawa, mai sitaci wadda ko iska ba ta motsa ta.

Samira ta yi bayani a taƙaice, ba ado ba fure, har na ji a raina cewa da ta nuna mini tun da wuri da na ƙara mata gishiri. Amma abin ya kama. Shugaba ya juya ga saurayin ya tambaye shi a hannun wa makullai suke lokacin hutu. Saurayi ya buɗe jaka, ya rufe, ya juya takardu, ya ce zai bincika. Shugaba ya sake tambaya. Na ga gumi ya tsatso a goshin yaron cikin wannan sanyi.

Duk wanda ya taɓa zaman sulhu ya san wannan lokacin. Lokacin da abokin rigima ya shiga lungu ke nan, kuma mutumin da ka rufe a lungu ko ya cije ka ko ya ƙi ka har kabari. Mai hankali buɗe masa taga yake yi ya fita da mutuncinsa. Jikina ya san haka tun kafin kaina ya yi shawara.

Aka kira ni. Shugaba ya ce in faɗi abin da na gani a ƙofar makaranta.

Na miƙe, na gyara babbar rigata, na yi yabo ga Allah da salati, na yaba wa lajna da adalcinta. Sannan na dafa ƙirji na ce, kafin in ce komai, ina son a sani cewa mu ne masu laifi. Na ce gazawa tamu ce, sakaci namu ne, da mun yi abin da ya kamata da yara ba su zauna cikin zafi ba. Na ce hukuma uwa ce, ba ta kuskure a kan 'ya'yanta, mu ne muka gajarta, kuma ba mu zo jayayya ba, mun zo neman afuwa. Larabcin ya zauna daram. Ko a ajin ƙarshe ban taɓa jera jimloli masu kyau haka ba.

Na sunkuyar da kai na jira.

Abin da nake jira kun san shi. Nan ne saurayin zai miƙe ya ce a'a ya ammu, a'a baffa, wallahi mu ma da namu, makullai suna wajen masu fenti. Na bar masa hanya shimfiɗe, ko makaho ya bi ta.

Babu abin da ake ji sai ƙarar yatsun magatakarda, kaf-kaf-kaf, yana bin bayana. Na ɗaga ido kaɗan. Gumin goshin yaron ya bushe. Fuskarsa ta yi haske irin na wanda ya tsinci jakarsa da ta ɓata a filin jirgi. Ya miƙe, kamar yadda na zata, ya ce cikin ladabi:

"Ina roƙon a tabbatar an shigar da iƙirarin shaida a mahdar."

"An shigar," in ji magatakarda.

Shugaba ya ce a karanta. Ban san ko kun taɓa jin maganarku a bakin magatakarda ba. Ya cire dafa ƙirjin, ya cire rawar muryar, ya cire sunkuyar da kan, ya bar ƙashin zalla: shaida ya ce su ne masu laifi, sakaci nasu ne, hukuma ba ta yi kuskure ba.

Kawu ya jawo gefen rigata ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Malam, wa ya aike ka?"

Na raɗa masa cewa ya ɗan jira, yanzu yaron zai ce su ma da nasu.

"Wannan? Dubi fuskarsa mana."

Samira ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya. Ta miƙe ta nemi izinin yi wa shaidarta tambayoyi. Ta karanto sashen da ya ce babu mai iƙirarin da zai hau kan kamfani sai mai shi ko wanda aka ba wakala a rubuce (sashen da na ja wa layi biyu da jan biro, har da tauraro a gefe). Sannan ta juyo gare ni, kuma a lokacin na gane cewa hanya ɗaya ta rage a ceci kamfanin, ita ce a tabbatar a gaban hukuma cewa ni ba kowa ba ne.

Ta tambaye ni ko ina da wakala. Na ce ba ni da. Ko ina da hannu a shawarar kamfani. Na ce akan ji ra'ayina. Ta ce ba wannan ta tambaya ba. Na ce ba ni da. Ko na taɓa kwance mukayyif, ko na san tsawon lokacin da gyaransa ke ɗauka. Na ce ban taɓa ba. Ta ce to mene ne aikina, na ce rubuta wasiƙu. Magatakarda yana ta bi.

"Malam, ka taɓa karɓar laifin abin da ba kai ka yi ba?"

Na yi rantsuwa zan faɗi gaskiya, don haka na faɗa. Na ce kwanan baya na karɓi laifin ruwan da ya zubo daga saman wani gida da ban taɓa shiga ba. Ta ce sai kuma me. Na ce na taɓa karɓar laifin baƙar maganar da wata mata ta faɗa wa maƙwabciyarta a wajen bikin da ba a gayyace ni ba. Ɗaya daga cikin 'yan lajna ya jawo gefen guturarsa ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa.

Shugaba ya sauke tabarau. Ba dariya a fuskarsa, sha'awar sani ce kawai. Ya tambaye ni me ya sa nake haka. Na ga dama ta zo, na yi masa ɗan bayani a kan hikimar al'adarmu, yadda ake ɗauke wa mutum nauyi don ya samu ƙarfin ɗaukar nasa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce to su kuma sai su ce me.

"Sai su ce su ma da nasu, ranka ya daɗe."

Ya juya ya dubi saurayin. Saurayi ya dubi silin. Shugaba ya mayar da tabaransa ya ce, "Al'ada mai kyau, ya ustaz. Sai dai babu sashenta a ƙa'idojinmu."

Aka karanta mahdar duka, na sa hannu. Wakilin hukuma ya nemi lokaci ya yi nazarin iƙirarina, aka ba shi, don ƙa'ida ta ba shi. Shari'ar da ta kusa ƙarewa a safiyar nan aka ɗage ta.

Muka kama hanyar komawa har muka wuce unguwar Balad. Na gyara murya na fara cewa, Kawu, laifina ne, sai Samira ta ce daga kujerar gaba, "Malam, bas. Na yau ya isa."

Ɗagewar ba kyauta ta zo ba. A tsakanin an buɗe wata kwangila da Kawu ya daɗe yana hari, ta wuce muna kallo, tunda hanin yana kanmu. Bai taɓa yi mini gori da baki ba, sai dai ya daina aiko mini da shayi daga ofishinsa na wani lokaci mai tsawo, wanda a wajen Kawu daidai yake da huɗuba. A zama na gaba Samira ta bar ni a gida. Hukuma ta kasa musanta cewa makullai suna wajen masu fenti, lajna ta soke hanin, kamfani ya ci gaba da numfashi. A cikin hukuncin akwai layi ɗaya a kaina: cewa ba a dogara da maganar shaida ba, saboda an tabbatar ba shi da matsayi, kuma ya saba karɓar laifin da ba nasa ba. Samira ta fassara wa matan gidan wannan layi da Hausarta mai tsalle-tsalle, kuma wannan karon kowace kalma ta fito mata daidai. Tun daga nan, in na makara da cefane na ce wa matata laifina ne, sai ta ce a shigar a mahdar.

Na daɗe ina jin haushin saurayin nan, ina cewa ba shi da tarbiyya. Daga baya na gane zaluntarsa nake yi. Wataƙila a gidansu, in baƙo ya ce laifinsa ne, shi ne farkon mai rantsuwa cewa a'a. Amma a ɗakin nan ba shi ne a zaune ba, hukuma ce, kuma an ba shi wakalar komai ban da ta jin kunya. Har yanzu ana zuwa ɗaukata ban haƙuri a Ammariyya, har yanzu kuma ina cin nasara. Sai dai yanzu kafin in sunkuya nakan duba abu biyu: ko na gabana yana da izinin sunkuyawa shi ma, da ko akwai wani a gefe yana rubutu.