Na-Sani da Asalin Turmi

"Ni fa babu kalmar da ban san kakan kakanta ba," in ji mijin yayata, wanda muke kira Na-Sani. "Ko turmi ne, ba ni minti goma in faɗa maka ranar da aka raɗa masa suna."

Ai kuwa baki shi ke yanka wuya. Wata ma'aikaciyar rediyo tana neman wanda za a ba shirin asalin kalmomi duk ranar Talata, ta ce za ta zo gida ta gwada shi. Kwana uku mutumin naka yana shelar ya samu aiki, har da sayen sabon tabarau.

Da ranar ta zo, sai ga ma'aikaciyar da na'urarta ta ɗaukar murya. Ya ba ta kujera, shi kuma ya jawo wani kututture daga bakin kicin, ya yafa masa ƙyalle, ya hakimce a kai.

"Kalmar turmi," ya gyara murya, "a jirgin ruwa ta ƙetaro teku, shekara dubu uku da rabi ke nan."

"Daga wane harshe, Malam?"

"Harshen ya mutu. Ni kaɗai na rage."

"A wane littafi za mu duba?"

"Gara ta cinye shi."

Baiwar Allah ta haɗiye dariya. "To, a kawo turmin gidan ka daka, masu sauraro su ji ƙararsa."

Gogan ya faɗa kicin. Shekara goma sha biyu da aure, ko inda ake ajiye ashana bai sani ba. Muna jin murafen tukwane suna zubewa. Can ya fito da taɓarya, tabarau duk gari, ya koma mazauninsa yana huci.

"An sace! Ko kuma matar gidan nan ta ba da aro. Ba su san darajar tarihi ba! Ni da ko ido rufe nake gane turmi da ƙamshinsa!"

Sai ga Yaya da kwanon barkono, ta tsaya a kansa, na'ura tana ɗauka. Wallahi ni kunya ta kama a madadinsa.

"Baban yara, in ka gama tarihin, ɗaga mini. Wanke shi na yi na kife ya bushe, awa guda ke nan kana zaune a kansa."

Ma'aikaciyar ta juya na'urar wajen Yaya.

"Hajiya, ranar Talata kina da lokaci?"